Hawan Balan-balan da Karatun Ƙasa Daga Sama

Balan-balan mai ɗaukar mutane abubuwa uku ne aka haɗa: ƙatuwar jaka ta yadin nailan, murhun gas mai hura wuta a bakin jakar, da kwandon saƙa inda matuƙi da fasinjoji ke tsayawa. Ba shi da inji, ba shi da fiffike, ba shi da sitiyari. Zafi kaɗai ke ɗaga shi. Iska in ta ɗauki zafi takan buɗe, nauyinta ya ragu, ta nemi sama. A wuri mai sanyin digiri 15, iskar da za ta cika akwati mai mita guda a tsawo da faɗi da zurfi ta ɗan haura kilo 1.2. In aka zafafa ta zuwa digiri 100, sai ta koma ƙasa da kilo guda. Wannan ɗan bambanci, wanda bai kai giram 300 ba, shi ne dukan ƙarfin balan-balan. Shi ya sa jakar ke da girma haka. Kafin a ɗaga mutum uku ko huɗu da kwandonsu da tukwanen gas, sai an tara irin wannan akwati na iska fiye da 2,000, manyan da ke ɗaukar mutum ashirin kuwa sun ninka haka sau da yawa.

Matashin da ya riƙe wannan lissafi ya gane dalilin yawancin dokokin hawan. Ƙarfin ɗagawa daga tazarar zafin cikin jaka da na waje yake zuwa, yadin kuma yana da iyakar abin da zai jure, wajen digiri 120. In waje ya kai digiri 40, yadda ake yi a Madawa da Buza na ƙasar Nijar a watannin Afrilu da Mayu, kowane akwati na iska giram 180 kawai zai ɗaga, wato sulusin ƙarfin ya tafi tun ba a bar ƙasa ba. Don haka ne ake tashi da sassafe. Don haka ne kuma matuƙi ke tambayar nauyin kowane fasinja, kuma wanda aka tambaya ya faɗi gaskiya, domin da wannan adadi ake auna gas da yawan mutanen da za su shiga. Akwai dalili na biyu da ya sa safiya ta fi. Da hantsi ya ɗaga, ƙasa ta ɗauki zafi, iska takan fara tashi a murɗe. Guguwar nan da ake gani da tsakar rana tana kwasar kara da ƙura a fako, irinta ce ke iya wurga balan-balan sama ko ta dankwafar da shi ƙasa ba da son matuƙi ba.

Asalin abin daga Faransa ne. Wasu 'yan'uwa biyu masu sana'ar takarda, Joseph da Étienne Montgolfier, sun tayar da jaka marar kowa a garin Annonay ranar 4 ga Yuni 1783. A watan Satumba na shekarar aka sa tunkiya da agwagwa da zakara a kwando a gaban Sarki Louis na 16 a fadar Versailles, suka tashi suka sauko da rai. Ranar 21 ga Nuwamba mutum biyu, Pilâtre de Rozier da d'Arlandes, suka ratsa sararin Paris na kimanin minti 25, suna ciyar da wutar da ciyawa. Bayan shekara biyu Pilâtre ya mutu a ƙoƙarin ƙetare teku zuwa Ingila da wani balan-balan. Siffar da ake hawa yau, mai nailan da gas, wani Ba'amurke ne mai suna Ed Yost ya fara tashi da ita a watan Oktoba 1960. Sunan ƙasashenmu ma ya shiga labarin tun da wuri, ko da yake ta bakin ƙage ne: a littafin da Jules Verne ya fitar a 1863, wasu Turawa uku sun taso daga Zanzibar a balan-balan suka bi ta kan Tafkin Chadi da Agadas da Timbuktu, alhali marubucin daga rahotannin matafiya irin su Barth ya ɗebo bayaninsa.

Wuraren da sana'ar ta kafu a Afirka sanannu ne: Luksor a Misira, kewayen Marakesh a Maroko, dazukan Masai Mara a Kenya da Serengeti a Tanzaniya. A Kapadokiya ta ƙasar Turkiyya, balan-balan fiye da ɗari kan tashi a safiya guda in yanayi ya yi kyau. Misira da Maroko da Turkiyya duk ƙasashe ne da 'ya'yan Nijar da Nijeriya ke zuwa karatu da fatauci, saboda haka ba abin mamaki ba ne saurayi ko budurwa daga Keita ko Tamaske ya tsinci kansa wata rana ana yi masa tayin tikiti a ƙofar masauki.

A nan hankali ya fi amfani. Hawan balan-balan ba kasafai yake zuwa da haɗari ba, amma in ya zo yakan yi muni. Ranar 26 ga Fabrairu 2013 wuta ta kama wani a Luksor daidai lokacin sauka, mutum 19 suka rasu cikin 21. Ranar 30 ga Yuli 2016 wani ya taɓa wayoyin lantarki a jihar Texas ta Amurka, dukan mutum 16 da ke ciki suka halaka. Wuta da wayar lantarki da iska mai ƙarfi, su ne manyan masifun wannan sana'a, kuma dukansu kulawar kamfani da gogewar matuƙi ke rage su. Mai niyyar hawa ya tambayi lasin kamfanin da inshorarsa, ya tambayi shekarun da matuƙin ya yi yana aiki, ya tambayi mutum nawa za a zuba a kwando. Wanda ya ji haushin tambaya, a bar masa tikitinsa. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa shi ma abin tsoro ne, domin gas da gyaran yadi da albashin ƙwararre ba su da araha, in an rage kuɗi to wani abu aka rage. Sannan duk kamfanin da ya soke tashi saboda iska ya nuna alamar kirki. Galibin matuƙa ba sa tashi in gudun iska a ƙasa ya wuce kilomita 15 zuwa 18 a awa. Matashi kada ya shiga sahun masu matsa wa matuƙi don sun biya kuɗi ko don gobe za su bar gari.

Ana ɗaukar fasinja daga masauki tun duhu, sau da yawa kafin kiran assalatu, saboda haka mai hawa ya yi alwala tun a ɗaki, ya san inda zai yi sallar asuba a filin tashi. A filin zai tarar an shimfiɗa jakar a ƙasa, tsawonta ya kai mita ashirin ko fiye, an kwantar da kwando a gefensa an ɗaure shi da mota. Mutum biyu na riƙe da bakin jakar a buɗe, ƙatuwar fanka mai injin fetur tana tura iska mai sanyi ciki, yadin yana kumbura yana motsi a hankali. Wani yana can nesa riƙe da doguwar igiyar ƙoƙuwa, ya jingina da baya yana ja, don kada jakar ta miƙe kafin lokaci. Matuƙi kan saki ɗan ƙaramin balo ya bi shi da ido har ya ɓace, yana duba ina iskar kowane hawa ta dosa. Da jakar ta cika, sai ya durƙusa bayan murhu ya buɗe wuta. Harshenta ya fi tsawon mutum biyu, ƙararta na sa wanda bai saba ba ya ja da baya. Cikin ɗan lokaci jakar ta taso daga kwance ta tsaya, ta jawo kwandon ya zauna daidai. A jikin kwandon akwai ramukan taka ƙafa, ta nan ake hawa a ƙetara, domin yawancinsu ba su da ƙofa.

Sutura tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Kayan auduga sun fi na roba, domin yadin roba narkewa yake in ya ji wuta. Babbar riga da mayafi mai yawo ba na wannan wuri ba ne: namiji ya sa riga da wando, mace ta sa hijabin da ya kama jiki ta soke bakinsa, ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga saboda ƙetara kwando. A sa takalmi rufaffe marar tsini, domin ba a san inda za a sauka ba, ko cikin ƙaya ko cikin raɓa. Hula na kare kai daga zafin murhu. Mace mai ciki, da mai ciwon baya ko gwiwa, da wanda aka yi wa aiki bai daɗe ba, su haƙura. Ƙananan yara ma yawancin kamfanoni ba sa karɓarsu. Taba da ashana ba sa kusantar wurin. Kafin a tashi matuƙi zai nuna yadda ake tsayuwar sauka, kuma wannan minti biyun sun fi kowane bayani daraja. Wanda bai ji harshen da aka yi magana da shi ba ya ce a maimaita, ya gwada a gaban matuƙin.

Tashin kansa ba ya da girgiza. Sai dai mutum ya ga ƙasa tana ja da baya. Da yake balan-balan tafiya yake tare da iska, ba a jin kaɗawarta a fuska ko kaɗan, kwandon kuma ba ya lilo, shi ya sa da yawa daga masu tsoron bene ba sa jin jiri a cikinsa. In murhu ya yi shiru, sautin ƙasa na isowa sarai: carar zakara, haushin kare, muryar mai kiran ɗansa. Matuƙi na da iko da hawa da sauka kawai. In yana son sama ya ƙara wuta, in yana son ƙasa ya bar iskar ta huce ko ya ja igiyar da ke buɗe murfin ƙoƙuwa. Jakar ba ta amsawa nan take, sai bayan daƙiƙoƙi, don haka kullum tunaninsa na gaba da inda yake. Juyawa dama ko hagu kuwa sai ta hanyar neman hawan da iskarsa ta nufi inda ake so, domin iskar mita 100 da ta mita 600 ba lallai su dosa wuri ɗaya ba. Tafiyar kan ɗauki kamar awa guda, a tsayin da ya kama daga kan itatuwa zuwa wajen mita 1,000. Fasinja kada ya taɓa igiya ko bututun gas, kada ya zauna a bakin kwando, ya kuma ɗaura wa wayarsa igiya a wuyan hannu. In ya hango wayar lantarki a gaba ya faɗa da ƙarfi, ko da yana zaton matuƙi ya gani.

Yawancin masu hawan farko sukan ƙarar da awar suna ɗaukar fuskokinsu hoto, su sauko ba su ga komai ba. Wannan asara ce. Amfanin balan-balan a kan jirgin sama shi ne yana tafiya a hankali kuma kusa da ƙasa, har mutum ya iya karanta ta. Karatun na farawa da ruwa: ina yake fitowa, ina yake bi, ina yake kwanciya. Daga nan a duba inda kore ya tsaya, da inda mutane suka kafa gari, da yadda hanyoyin ƙafa da burtali suka haɗa garin da rijiya da gona. A Luksor darasin a fili yake, domin iyakar gonakin da ruwan Nilu ke kaiwa da farkon hamada layi ɗaya ne, mutum na iya taka su da ƙafa biyu. Tun a 1858 wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto da ake kira Nadar ya ɗauki hoton ƙasa daga balan-balan, kuma daga wannan ne sana'ar hoton sama ta faro, wadda taswira da binciken gona suka dogara da ita daga baya.

Ɗan yankin Adar na Nijar yana da abin da baƙon yawon buɗe ido ba shi da shi, domin ƙasarsa na cikin wuraren da kallon sama ya fi bayyana aikin hannun mutum a duk yankin Sahel. Gundumomin Keita da Buza da arewacin Madawa tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai, baƙin dutse da marmara, wanda kwaruruka masu zurfi suka tsattsaga: kwarin Keita, kwarin Majiya da ke gangarawa ta wajen Birnin Ƙonni zuwa tabkin Kalmalo a Nijeriya, da kwarin Tarka da ya bi ta Madawa. Ruwan shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 500 ba, kuma yakan zo da ƙarfi cikin 'yan kwanaki. Daga sama tudun duhu ne, gangarensa duk zane-zanen zaizaya, koramu farare da yashi suna sauka, ƙasan kwari kuma shi ne mai rai. Duk wanda ya ga wannan tsari sau ɗaya ya gane abin da ya sa ruwan da ya faɗi a kan dutse yake zama bala'i ga gonar da ke ƙasa in ba a tare shi tun daga sama ba.

A kwarin Majiya abin da zai fara ɗaukar ido layuka ne na dogon yaro, bibbiyu a jere, tsakanin kowane layi da na gaba mita 100, sun gitta kwarin suna fuskantar iskar gabas. Bayan farin farkon shekarun 1970, iskar rani na kwashe ƙasar saman gona, ta farkon damina kuma tana binne sabuwar shuka da yashi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku. Jami'in gandun daji na Buza a lokacin, Dauda Adamu, yana cikin waɗanda suka kawo shawarar a dasa katangar itace, aka fara a 1975 da tallafin ƙungiyar CARE, mutanen garuruwan kwarin suka haƙa ramuka suka dasa. Cikin shekara goma sha wani abu layukan sun kai ɗaruruwan kilomitoci in an haɗa tsawonsu. Awon da aka yi a gonakin da ke tsakanin layukan ya nuna ƙarin hatsi na wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100, duk da gefen da inuwa da saiwa suka ci. Daga baya aka fara saran kawunan itatuwan bi da bi, ana samun itacen girki da azara. Amma an biya wannan da tsada. Shekarun farko sai da aka sa masu gadi aka hana dabbobi shiga kwarin, matan da ke kiwon awaki da makiyayan da suka saba ratsawa su ne suka fi jin jiki.

A Keita aikin ya fi haka girma. An fara shi a 1984, shekarar babban fari, da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, Hukumar Abinci ta Duniya kuma na biyan ma'aikata da abinci. A kan tudu an yi kunyoyin ƙasa masu tsawo an lulluɓe su da dutse don su riƙe ruwa. A gangare an haƙa ramuka a jere, kowane da itace a ciki, an saɓa su yadda ruwan da ya tsere wa na sama zai faɗa na ƙasa. A cikin koramu an gina shingayen dutse cikin ragar waya da madatsun ruwa, an kuma kafe tuddan yashi da shinge da dashe. Zuwa farkon shekarun 2000 an farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Daga sama ramukan gangaren nan kamar ɗinkin hula suke, ɗigo bayan ɗigo a tsare, har mutum ya yi zaton inji ne ya yi su. Hannu ne ya yi mafi yawansu, kuma galibi hannun mata, domin maza sun tafi cin rani Nijeriya da Abijan da Libiya. Su suka fasa marmara da diga, suka ɗauki dutse a ka suka hau gangare, da goyo a bayan wasunsu. Da yawa daga matasan Keita da Ibohaman da Garhanga na yau, in suka bincika, akwai kakarsu ko innarsu a cikin waɗannan mata.

Misali na uku daga Galma yake, a gundumar Madawa. Masu bincike, cikinsu har da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij na ƙasar Holan, sun ɗora hoton sama na 1975 kusa da na 2003. A na farko gonakin fayau suke, itace ɗaya nan ɗaya can. A na biyu garin ya ƙara girma, itatuwan kuma sun ninka sau da yawa, abin da ya saɓa wa zaton da aka daɗe ana yi cewa yawan jama'a ƙarar da daji kawai yake yi. A faɗin kudancin Nijar, musamman jihohin Maradi da Damagaram, irin wannan kwatance ya nuna gonaki wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itace, mafi yawa ba dashe ba ne, manoma ne suka bar tohon kututture da 'ya'yan gawo suka yi musu aski suka rene su, abin da ake kira sassabin zamani. Shekaru aka yi wannan na faruwa gona bayan gona, ba wanda ya san faɗinsa sai da aka duba daga sama.

Sai dai kallon sama yana da yaudararsa, kuma matashi ya san da ita. Daga can komai tsaf yake. Ba a ganin shingen dutsen da ruwa ya fasa ba a gyara ba, ko madatsar da yashi ya cike, ko rigimar wanda ya mallaki fakon da aka farfaɗo. Koren albasa a kwarin Tarka yana da kyau a ido lokacin rani, amma hoto ba ya faɗin zurfin da ruwan rijiya ya koma, ko bashin man injin ban-ruwa, ko faɗuwar farashin buhu a lokacin da kowa ya kwashe tasa. Wanda ya taɓa riƙe hauya a wurin shi ke iya fassara abin da ya hango. Saboda haka kallon na ɗan gida ya fi na baƙo nauyi, in dai ya yarda ya haɗa shi da tambayar dattawan da suka san yadda wurin yake kafin a haife shi.

In da za a auna yanayin Adar da ma'aunin matuƙi, damina ba ta tashi ba ce, domin hadarin gabas na zuwa da iska mai tumɓuke itace a gabansa. Bazara zafi ya yi yawa. Hunturu na da sanyin safiya mai kyau, amma iskar arewa maso gabas na tasowa da hantsi, hazo kuma na rufe gani. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba ne suka fi dacewa, bayan an girbe hatsi, gonaki sun zama fili, iska ta kwanta. Ko a lokacin akwai duwatsun tudu da ƙayar da ke yaga yadi da wayoyin lantarki da ke bin manyan hanyoyi. Duk abin da zai tashi da mutane a sararin Nijar kuma sai da izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, ANAC. Akwai wata fitina da ya kamata a ambata: yaro mai basira da ya gane sirrin iskar zafi zai so ya gwada da leda ko takarda da ɗan tsumma mai kananzir. Abin zai tashi, amma ba mai iko da inda zai faɗi, ga rumbuna da dangar kara da tarin harawa a kan rufi. Ƙasar Barazil ta haramta sakin irin wannan tun 1998 saboda gobara.

Sauka ita ce wurin da aka fi jin rauni. Matuƙi zai nemi fili marar waya da itace, ya yi magana da motar da ke bin su a ƙasa. Da ya ba da umarni, kowa ya ajiye waya da kamara, ya juya baya ga inda aka dosa, ya kama igiyoyin riƙo na cikin kwando da hannu biyu, ya haɗa ƙafa ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya jingina bayansa. In iska ta kwanta kwandon zai zauna a hankali. In tana motsi zai bugi ƙasa ya yi tsalle sau ɗaya ko biyu, wani lokaci ya kwanta a gefe jakar ta ja shi 'yan mitoci. Wannan ba haɗari ba ne muddin hannu da kai na ciki. Saƙar kwandon ma don ta shanye bugu aka zaɓe ta. Doka mafi girma ita ce kada kowa ya fita sai matuƙi ya ce a fita. Mutum ɗaya in ya dira, nauyi ya ragu, balan-balan na iya sake tashi da sauran.

Filin da aka sauka na wani ne. Ƙarar murhu na firgita dabbobi, kwando da ƙafafun 'yan kallo na tattake shuka. Fasinja mai tarbiyya ya bi gefen kunya, in mai gona ya zo ya gaishe shi yadda zai gai da mahaifinsa, "Baba, sannu da aiki, a yi mana haƙuri," ko da ta bakin tafinta ne. Kama hannu wajen matse iskar jaka da cusa ta a buhunta abu ne da ma'aikata ke jin daɗinsa. Turawa na da al'adar shan giya bayan sauka, kamfanoni da yawa sun gaje ta. Musulmi ya faɗa tun wajen sayen tikiti, za a ba shi lemo.

Hotunan ƙasa da aka ɗauko a rubuta musu rana da wuri da inda aka fuskanta, domin da haka ne suke zama abin kwatance bayan shekaru. Wanda bai sami hawa ba yana iya fara wannan karatu a gida: ya hau bakin dutsen da ke kallon kwarin garinsu da sassafe, ya zana abin da ya gani a takarda, sannan ya buɗe Google Earth ya gwada zanensa da hoton tauraron ɗan'adam, ya kuma koma hotunan shekarun baya da manhajar ke ajiyewa. Mai son ya mai da abin sana'a zai buƙaci lissafi da kimiyyar lissafin abubuwa da labarin ƙasa. A Yamai akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, inda ake horar da masu hasashen yanayi da masu kula da zirga-zirgar jirage, akwai kuma cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, wadda ke koyar da nazarin yanayin noma da ruwa, tana bin damina da makiyaya ta hotunan tauraron ɗan'adam a madadin ƙasashen Sahel.